Kilo Arba'in da Ɗaya a Hancin Jirgi

Ankara, 6 ga Oktoba

Baba,

"Ki sa hannu kawai, Feride Hanim. Kilo arba'in da ɗaya bai taɓa kashe kowa ba." Da wannan Kanar Tevfik, shugabanmu, ya tare ni yau da safe, tun ban ajiye jaka ba. Na ce masa ban sani ba, bai taɓa faɗo mini a ka ba. Bai yi dariya ba. Ba ya dariya kafin shayi na biyu.

Amma bari in gaishe ka tukuna, kada ka ce jami'a ta cinye mini ladabi. Ina sumbatar hannunka. Yaya gwiwar? An fara kaɗe zaitun? Da kunnenka na jin waya da kira zan yi, to injin jirgi ya riga ya karɓi rabonsa. Ni kuma ina aiki a inda ake haɗa abin da ke sauraren wayar mutane. Takarda ta fi mana.

Ka san aikinmu. A sayo jirgin saman wani attajiri, a yashe cikinsa, a cika shi da na'urorin sauraro da masu makantar da radar, a shafa masa fentin toka, a miƙa wa sojan sama. Wanda aka kawo mana wannan karon ka san shi. Na mai kamfanin simintin nan ne, wanda kai da yaya Sabri kuka yi shekaru kuna kula da shi a Istanbul. Na gane lambarsa kafin a goge ta, don ta daɗe a hoton da ke jikin firij ɗinmu.

Sati uku muna fitar da kayan alatu: kujerun fata, kafet, gado, da wani kwamin wanka na farin dutse da sai da ƙarti huɗu suka ɗauka suna zagin mai shi. Aikina shi ne duk abin da aka cire in auna in rubuta, har noti. Sannan a ɗora jirgin a kan sikeli a ga ko abin da ya rage ya yi daidai da abin da littafinsa ya ce. Bai yi ba. Akwai kilo arba'in da ɗaya a wajen hanci, ƙarƙashin inda matuƙa ke zama, kuma babu shi a kowace takarda.

Kanar ya ce ai sikeli ya riga ya nuna mana inda nauyin yake, a gyara lissafi, a rubuta cewa tsohon fenti ne da laima. Haka ake yi. Ni ma na yi haka a jirage biyu na baya, amma kilo shida ne da kilo tara, kuma a warwatse. Wannan a dunƙule yake wuri guda, kamar mutum ya tsuguna.

Makanikai har sun raɗa masa suna Fasinja. Babbansu, Dursun Usta, ya ce mini, "Hanim, ki bar bawan Allah. Shekara nawa yana yawon duniya kyauta, yanzu ke za ki tambaye shi tikiti?"

In ban sa hannu ba jirgin ba zai tashi ba, kuma ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. A wajenka na koyi wannan mugun hali. Ka tuna wani abu game da hancin jirgin nan?

'Yarka,
Feride

Ayvalik, 11 ga Oktoba

'Yata Feride,

Da sunan Allah nake farawa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sumbatar idanunki. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa na nan yadda kika san ta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Zaitun bai kai na bara ba, amma mun gode Allah. Gwaggonki Bedia na gaishe ki, ta ce ko har yanzu burodi da cuku ne abincinki.

Game da jirgin, na tuna shi. Jirgi ne mai kirki, bai taɓa ba mu kunya ba. Amma shekara goma sha huɗu ke nan da na taɓa shi, kuma bayan mu ya bi ta hannun mutane da yawa a ƙasashe da yawa. Tsohon jirgi kamar tsohon mutum ne, yana tara nauyin da ba a san daga ina ba. Fenti a kan fenti, laima a cikin audugar bango, ƙasar takalman baƙi. Na taɓa kwashe kilo goma sha biyu na ɓawon gyaɗa da tsabar kuɗi daga ƙarƙashin daɓen wani jirgi.

Kanar ɗinki babba ne, kuma ya fi ki daɗewa a duniya. Kin sha wahala kafin ki samu wannan aikin. Shekara biyu suna binciken danginki har kakanni kafin su ba ki katin shiga. Kada ki zubar da shi saboda abin da bai kai nauyin buhun siminti ba.

Tambaya ɗaya. A zamaninmu, wanda ya sa hannu a takardar nauyi shi ke hawa jirgin a tashinsa na farko. Har yanzu kuna bin wannan al'adar? Idan kuna bi, ki ce mura ta kama ki ranar. Mai mura ba ya hawa jirgi, kowa ya sani, ba wanda zai ce komai.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Rustem

Ankara, 17 ga Oktoba

Baba,

Ina sumbatar hannunka. Ka ce wa Gwaggo na ƙara tumatir a kan burodi da cukun.

Na karanta takardarka sau biyu. Ka ce in sa hannu, babu komai. Sannan ka ce kada in hau. Ban yi karatun adabi ba, amma na ga waɗannan layuka biyu ba sa ga maciji da juna.

E, muna bin al'adar. An sa tashin gwaji ranar huɗu ga Nuwamba. Mu biyar ne. Matuƙin, Manjo Orhan, matarsa ta haifi tagwaye a watan jiya, yana yawo da hotonsu yana tare mutane a hanyar banɗaki. Shi ma in ce masa ya yi mura?

Na sa an sake auna jirgin sau biyu da wani sikelin daban. Fasinja na nan, bai rame ba. Makanikai sun fara ajiye masa shayi a ƙarƙashin hancin jirgin duk lokacin shan shayi, har da sukari biyu a gefe. Da wasa aka fara. Jiya na ga Dursun Usta ya daka wa wani tsawa don ya kusa ture kofin da ƙafa, kuma ba wanda ya yi dariya.

Na shiga ƙarƙashin daɓen da kaina, da tocila da ɗan madubi. Komai daidai yake da zane, sai wani faifan ƙarfe guda da aka rufe da ƙusoshi aka yi masa fenti irin na masana'anta. Fentin ya yi kyau. Ya ma fi na masana'antar kyau, abin da ya sa na tsaya ke nan.

Sai na koma ga tsofaffin littattafan aikin jirgin, kwali goma sha ɗaya. A na bakwai na samu shafin. An buɗe wurin, an duba, an rufe, ba a canza komai ba. A ƙasa hatimi mai lamba 317.

Ka san na wane ne, na yaya Sabri. Yana ɗaure da shi a wuya da igiyar takalmi, har teburin cin abinci, Mama na masa faɗa. Shekara goma sha uku da muka binne shi, kuma na zauna a ɗakin ajiyar takardu da rana tsaka ina jin ƙamshin turaren lemon nan da yake zuba wa hannunsa bayan aiki. Na san daga ina ƙamshin yake, magatakardan ne ke shafawa, rabin ƙasar nan na shafawa. Sanin bai taimaka ba.

Ba za a ba ni izinin fasa faifan ba sai na kawo dalili a rubuce. Kanar ya ce ƙamshi da kyan fenti ba dalili ba ne, kuma da gaskiyarsa. Me ke bayan ƙarfen nan, Baba?

Feride

Ayvalik, 21 ga Oktoba

'Yata,

Bayan gaisuwa da sumbatar idanunki. Na ba direban motar Ankara wannan takarda hannu da hannu, don gidan waya na da nawa.

Dalma ce. Falle shida, a kan wani ɗan marikin ƙarfe, da noti huɗu.

Matar mai simintin ce ta ga kwamin dutsen nan a wani otal ta ce sai irinsa. Muka saka shi a can baya. Da muka auna, sai wutsiya ta rinjayi hanci. Maganinsa sananne ne, a sa nauyi a gaba. Amma sai an zana, an aika wa masana'anta, an jira amsa, wata uku ko huɗu. Shi kuma ranar Alhamis zai kai 'yarsa da ƙawayenta sayayyar aure. Manajanmu ya kira ni ofis ya ce, "Rustem Usta, mutum sittin ke cin abinci daga jirgin nan. Ka san abin yi, ni ban san komai ba." Sai aka yi. Takardar nauyin ma aka gyara ta yadda za ta yi shiru.

Niyyar ita ce ta zauna wata shida, a zo babban gyara a yi ta bisa ƙa'ida. Marikin na wata shida ne, Feride. Ba a yi shi don shekara goma sha huɗu ba. Kafin watan ya zo aka sayar da jirgin waje, kamfaninmu ya rufe, sai kuma abin da ya same mu na rasuwar yayanki. Duk lokacin da na ga labarin faɗuwar jirgi a talabijin sai na matsa kusa in karanta lambarsa.

A ƙarƙashin dalmar, kamar tafin hannu ɗaya, igiyoyin ƙarfen da matuƙi ke juya jirgi da su ne suka wuce. Ga dalilinki a rubuce. Kada kowa ya hau shi.

Idan da hanyar da za ki cire ta a ɓoye ranar hutu, ki yi. Idan babu, to littafi ya riga ya faɗi sunan da ya faɗa. Wanda ya rasu ba ya zuwa kotu, ba a karɓe masa fansho, ba a nuna shi da baki a masallaci. Allah ya jiƙan Sabri. Ba abin da zai same shi yanzu.

Ki ƙona wannan takarda.

Mahaifinki

Ankara, 27 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka.

A ɓoye ranar hutu. A rumfar jiragen da ke da kyamara goma sha tara da soja mai kare. Ka daɗe da yin ritaya.

Ban nuna takardarka ba, ban kuma ƙona ta ba. Na ce wa Kanar ko a fasa faifan ko ya nemo wani ya sa hannu ya hau. Ya dube ni, ya dubi kalanda, ya ce a fasa.

Dursun Usta ne ya cire ƙusoshin. Da faifan ya fita sai ya miƙo mini tocilar. Noti ɗaya ya karye tuntuni, kansa na kwance a ƙasa ya yi tsatsa. Na biyu ya tsage. Dalmar ta sunkuyo gefe guda har ta goge fentin da ke saman igiyoyin. Dursun ya ce, "Hanim, wannan fasinjan saura kaɗan ya karɓi tuƙi." Manjo Orhan ya leƙa, ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Ba a ajiye shayi ba ranar.

Kanar ya kira ni ofis da yamma, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce dole a rubuta rahoto, kuma rahoto na son suna. Ya ce, "Lamba 317, Sabri ne, yayanki. Kada ki yi mamaki, karanta mutane ne sana'armu. Allah ya jiƙansa, na ji a tashar gina jiragen ruwa ya faɗo. Ki rubuta sunansa. Matacce ne, fayil zai rufe kansa, ke kuma ke ce kika ceci jirgin. Amma in wani mai rai ya fito a cikin maganar nan, kuma ya zama naki ne, sai lauyoyi su shigo, katinki kuma ba ni ke da iko da shi ba." Ya tura mini sukari. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ke sa mutum ya so wanke hannu.

To ga abin da ban faɗa maka ba a takardata ta baya. Shafin nan na da kwanan wata, sha ɗaya ga Mayu. Ranar na kare kundin digirina a nan Ankara. Kai ba ka zo ba, ka ce aiki ya riƙe ka. Yaya Sabri ya zo a jirgin ƙasa tun jajibiri, ya zauna a layin baya cikin kwat ɗin aro, ya yi barci, ya farka ya yi tafi a inda ba a tafi. Kwana uku ya yi a wajena. Tun a ɗakin takardu na ga kwanan watan. Na yi shiru ne in ga ko za ka faɗa da kanka. Ka rubuto mini "sai aka yi". Ka rubuto "aka gyara".

Na kuma ga wayar da aka ɗaure kan notocin da ita. An lanƙwasa ƙarshenta ciki sau biyu don kada ta yanki hannun wanda zai zo daga baya. Mutum ɗaya na sani mai wannan ladabin, kuma ba yaya Sabri ba ne.

Wata guda bayan ranar nan yaya Sabri ya bar aikin jirgin sama, aikin da yake so tun yana ɗan shekara bakwai, ya tafi walda a kan katako mai tsayin bene takwas. Mama ta rasu tana tambayar me ya shiga tsakaninku. Ni na ɗauka mace ce.

Ranar Litinin zan miƙa rahoton. Ina so in ji daga bakinka.

Feride

Ayvalik, 30 ga Oktoba

Feride,

Ina sumbatar idanunki, in kin yarda.

Ni ne. Hatimina na inji ne, ba ya rufe aikin jikin jirgi. Nasa ne ke rufewa. Na tambaye shi ya ƙi, ya ce a jira masana'anta. Da zai tafi wajenki ya bar hatimin a akwatinsa na wurin aiki, don kada igiyar ta ɓata masa wuyan riga. Ni na saya masa kwaɗon akwatin, ina da ɗan makulli na biyu.

Da ya dawo ya ga shafin bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga. Ya zo ya same ni ina cin abincin rana a cikin mutane, ya ciro hatimin daga wuyansa ya ajiye kusa da farantina. Ya ce, "Riƙe, Usta. Ka fi ni iya aiki da shi." Usta ya ce, kamar yadda yaran aiki ke kiran maigidansu, bai ce Baba ba. Bai ƙara cewa ba har ya bar duniya. Zai iya kai ƙarata, bai kai ba. Kuma ya ce ba zai ƙara sa hannu a jikin jirgi ba tunda hannunsa na iya zuwa inda bai je ba.

Ga hatimin nan a cikin ambulan. Shekarun nan yana cikin gwangwanin shayi a saman kabad. Kin san ba na jin kiran salla, ba na jin Bedia in tana faɗa. Amma ƙarar da hatimin ya yi ranar da na buga shi a kan takardar nan ina jin ta. Ko ina tsakiyar gona.

Duk da haka ina roƙonki ki rubuta sunansa. Ba don ni ba. Shekarata saba'in da ɗaya, me za su ɗauka? Don ke. Na riga na raba ɗa ɗaya da aikinsa, kada in raba na biyu. Da yana nan da shi da kansa zai ce ki rubuta, kin san yadda yake ji da ke.

Ki yafe mini ko kada ki yafe, amma ki riƙe aikinki.

Mahaifinki,
Rustem

Ankara, 2 ga Nuwamba

Baba,

Ina sumbatar hannunka.

Mai yiwuwa da yaya Sabri ya ce in rubuta. Amma an riga an yi amfani da sunansa sau ɗaya ba a tambaye shi ba.

Na rubuta naka, cikakke, da ranar, da inda Sabri yake a ranar. A layin ƙarshe na rubuta cewa mai wannan rahoto 'yar wanda ake magana a kansa ce. Kanar ya karanta a tsaye. Ya ce, "Akwai kuskuren da kike so ki gyara, Feride Hanim? Zan iya zuwa shan iska na minti goma." Na ce na duba rubutun sau uku. Ya ce shi ya sa bai taɓa son aiki da masu digiri biyu ba, ya miƙo hannu, na ba shi katin.

Masu bincike za su zo maka, wataƙila cikin sati biyu. Ka sa farar rigarka, ka faɗa musu yadda ka faɗa mini. Zan zauna kusa da kai in riƙa rubuta maka tambayoyinsu. Ban ce na yafe ba. Na ce motata za ta iso ranar Laraba da la'asar.

Wani soja ya raka ni har bakin rumfar, ɗauke da kwalin kayana, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Ana ta aiki a kan jirgin, ba wanda ya ɗago sai Dursun Usta, ya dafa ƙirji daga nesa. Ƙofar irin mai rufe kanta ce, a hankali, ba ta da mariƙi ta waje. Na tsaya har ta gama, sannan na nufi titi.

'Yarka,
Feride